Na Tura wa Uwais

Ƙanwata Hamida,

Ya jikin Inna, ya mutanen Sheme? Ni lafiya lau a Legas, barci ne dai ya yi ƙaranci.

Jiya aka saki sabon katun ɗin mutum-mutumin nan da marigayi autanmu Uwais yake so. Ya ƙera injin dawo da ƙanensa da ya mutu, sai injin ya fito da akuya. 'Yan ɗakinmu har da faɗuwa don dariya. Ni ma na dara, na tura wa Uwais yadda na saba, na rubuta, "Ka gani kuwa?" Sai da ya tafi na tuna.

Wayarsa na hannun Inna. Don Allah ki goge kafin ta ce a karanta mata.

Yayanki,
Gide