Zobban Malam Hayaniya

Litinin, 6 ga Janairu
Ya yi min ita yau, a gaban kowa. Na nuna wa 'yan sashe yadda sinadarin manganis ke raguwa daga tsakiyar ƙwayar dutsen ganet ɗina zuwa gefenta, aikin da na ƙare idona a kansa. Farfesa ya cire gilashi ya ce, "'Yar nan, wannan ai hayaniyar na'ura ce, ba dutse ba." Aka kwashe da dariya. Shi ne shugaban kwamitin digirina, ya ce ba kare aiki bana, sai baɗi.
Daga yau sunansa Malam Hayaniya. Wallahi sai na rama.

Laraba, 8 ga Janairu
Yaya ta ce in kai masa gaisuwa in ba shi haƙuri. Haƙurin me? Na ce mata, "Yaya, ko mutuwa aka yi masa sai na yi shawara." Ta ce Allah ya shirye ni.

Juma'a, 24 ga Janairu
Na sake awo. Na cuɗanya jerin ɗigogin da ake aunawa a kan ƙwayar, na'ura ta auna gefe, ta koma tsakiya, ta yi tsalle can, don kada tsarin awon ya yaudare ni. Na fitar da tazarar kuskure. Sakamako yana nan daram. Na tura masa. Ko "na gani" bai ce ba.
Mun haɗu a matakala, na ce, "Ina kwana, ranka ya daɗe." A zuci kuwa Allah kaɗai ya san abin da na ce.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ɗanyen awon kowa yana kan kwamfutar ɗakin gwaji, har da na shahararren dutsensa, mai zobban sinadarin kalsiyam ɗin da ya ce suna nuna yadda zafi ya riƙa hawa da sauka a ƙarƙashin ƙasa. Da su ya yi suna. Na ce bari in gwada masa abin da ya jefe ni da shi. Na jera adadin kalsiyam da nisan ɗigo daga tsakiya, sannan na jera shi da lokacin da aka yi awon. Alaƙarsa da lokaci ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk sanda na'urar sanyaya ɗaki ta tashi, sai "zobe" ya fito. Da na cire tasirin lokaci, zobban suka baje.
Zobban iyakwandishan! Na yi dariya har mai shara ta leƙo ta ce, "Lafiya, 'yata?"

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Mai kula da na'ura ya ce in sami Farfesa a ofis, mu biyu, in nuna masa. Shi a ofis ya same ni? A gaban mutane aka ci min fuska, a gaban mutane zan biya. Na karɓi damar yin jawabi a taron sashe na farkon Maris.

Talata, 25 ga Fabrairu
Ina wanke-wanke ina bitar fuskar da zan yi. Har na tanadi amsar duk ƙaryar da zai kawo.

Litinin, 3 ga Maris
An yi.
Ɗaki ya cika. Na saka zanensa a hagu, zanen lokaci a dama, na ce, "Ranka ya daɗe, ko wannan ma hayaniyar na'ura ce?" Da muryarsa na faɗa, har jan harafin.
Ya daɗe yana kallo. Ya tashi da ƙyar saboda ciwon gwiwarsa, ya je gaban allo ya bi layin da yatsa. Ya tambayi gwajin da na yi, na faɗa. Ya ce, "Gaskiyarki. Zan rubuta wa mujallar da ta buga aikin su janye takardar." Ya koma ya zauna.
Shi ke nan? Ba musu, ba tsawa? Duk amsoshin da na tanada suka tashi a banza. Ko a faɗuwar ma sai da ya cuce ni.

Laraba, 5 ga Maris
Ya sa hannu, zan kare aikina bana. Alhamdulillahi. Ban gode masa ba, ba kyauta ya yi min ba.
A ɗakin shan shayi wani malami yana kwaikwayon tafiyarsa, yana cewa, "A kashe iyakwandishan, kar duniya ta sake narkewa." Suka fashe. Mutanen nan dai, dariyar nan dai. Na bar shayina a kan tebur.

Alhamis, 20 ga Maris
Ya aiko min da dutsen nan nasa mai zobba a cikin ambulan, ba ko kalma. Mai kula da na'ura ya ce da ƙafarsa ya hau tsaunin ya saro shi, tun yana saurayi.
Na ɗora shi a kan na'ura yau, jeri a cuɗe, yadda ya kamata. Don kawai in rufe bakin masu cewa sa'a na yi. Ban yafe ba, kuma ba na shirin yafewa.
Kusa da gefen ƙwayar layin kalsiyam ya ɗan ɗaga. Wataƙila ba komai ba ne, sai na ƙara ɗigogi gobe. Amma na ji bakina yana cewa, Allah ka sa ko zobe guda ɗaya na gaske ne.