Gyaɗar da Ka Jera wa Sylvia

Zuwa ga Mas'ud, inuwar kukata a tsakiyar bazara, ruwan randata mai sanyi, farin watan da idona ba ya gajiya da dubansa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da zuciya mai tafasa kamar tukunyar da aka manta a kan murhu.

Ka tuna yammacin da ka zo ƙofar gidanmu a Kurfi, fuska a yamutse, binciken digirinka na biyu ya cije? Ka auna nauyin awakin Rawayau da Birchi da Makera don ka gano ko kiwon wani gari ya fi na wani, sai wasu ƙattin bunsuraye suka rinjayi lissafin, matsakaicin nauyin ya yi maka ƙarya. Ni da na karanci ƙididdiga na ɗebo gyaɗa na zuba a tabarma a matsayin awakin. Na ce ka manta da kilo, ka haɗa awakin duka ka jera daga ƙarami zuwa babba, ka ba kowanne lambar matsayinsa, sannan ka duba garin da nasa suka taru a sama. Gwajin Kruskal-Wallis ke nan, wanda ba ya tilasta wa alƙaluma siffar da ba tasu ba. Ka ɗago ka dube ni. Wallahi har yau kallon nan yana ƙirjina!

To, ranar kasuwar Dutsin-Ma na biyo ta makarantarku da dambun naman da na yi maka. Me zan gani? Kai da Sylvia 'yar ajinku a gindin darbejiya, gyaɗa a jere a kan benci, kana zuba mata kalmomina da muryar da na ɗauka tawa ce ni kaɗai! Tana dariya, kana dariya. Na juya ko sallama ban yi ba. Dambun kuwa ɗan acaɓa na bai wa.

Na san ba a rowar ilimi, na san yarinyar ba ta yi mini laifi ba. Amma littattafai sun ƙare ne? Allo ya ɓace? Sai da gyaɗata, Yayana?

Baba yana ta tambayata yaushe magabatanka za su zo, ina cewa sai ka kammala kundinka. Na gaji da kare ka. Ka turo su kafin damina ta faɗi, kai ma ka zo. Za ka tarar da ni ina fushi. Kada ka koma, ka zauna har in huce.

Wadda ba za ta taɓa duban wani ba, ko tana kuka da kai,
Nana Hadiza