Kada Ka Kira Fulgence Amurka

Envermeu, 9 ga Oktoba, 1908

Zuwa ga Yaya Théodule,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka Ernestine da yara. Allah ya sa sanyin Montréal bai fara matsa muku ba. Mu nan sai godiya. Mama dai ciwon ƙafar nan ne, ko coci sai an riƙe ta. An gama tsinkar tuffa, bana ba ta yi albarka ba.

Maganar autanmu Fulgence ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san bara ya bar maƙerar Baba ya bi masu ƙera motoci Paris. Tsere uku kacal ya yi. A na farko tayoyi suka yi ta fashewa. A na biyu ya zo na shida, har jarida ta buga hotonsa. Na uku shi ne na watan Yuli, wanda hanyarsa ta bi ta bayan gidanmu. Rana ta narkar da kwalta, tsakuwa ta fasa masa tabarau, kwaltar ta cika masa idanu. Onésime, bakaniken da ke zama gefensa cikin motar, ya ce min ya yi ta ihu a tsaya, Fulgence kuwa ya ce masa ya bar kukan mata, ya riƙa faɗa masa dama ko hagu kawai. Haka suka yi zagaye biyu kafin ya haƙura. Ni ina bakin shinge ina ta ɗaga masa hannu, ban san ba ya ganina ba.

Idon hagu ya tafi, na dama dishi-dishi. Kamfanin motocin kuma ya ce masa ya daina tsere. Wata uku ke nan ina wanke masa ido safe da yamma, ina ba shi miya a hannu don kada ya ɓarar. Wallahi Yaya na gaji. Shi kuwa raha yake yi, wai hanya ɗaya ce, ido biyu almubazzaranci ne, ni kuma na zama tsohuwar kaza mai kwanci. Amma in mota ta wuce, sai cokali ya tsaya masa a hannu har ƙarar ta ɓace.

Yanzu ya ji ana tsere a Amurka, can kusa da ku, wai can ba wanda zai tambayi idonsa. Za ka ga wata takarda tare da wannan, yana roƙon ka nemo masa mota da masauki. Rubutuna ne, don ba ya ganin layi. Yana faɗa ina rubutawa, ban sauya masa ko kalma ba. Don Allah ka ce masa a'a, ka yi shi da taushi. Ni na kasa, don ya ce da ni kaɗai ya yarda.

Ka gaida Ernestine, da Clovis da ƙaramar Odile. Mama na sa muku albarka.

Taka ƙanwa,
Zélie