Kwalliyar Auren Mawada

Hillar Sulaiman, kusa da Abu Hujar
12 ga Agusta

Zuwa ga Yayata Asibi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Mamuda. Yaya jikin nasa? Garba direba ya ce ya gan shi zaune a ƙofar gida, har ya ɗan motsa hannun da ya shanye. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu sakat. Waya har yanzu ba ta kamawa a garinmu tun da aka lalata ƙarfen sadarwa lokacin yaƙi, shi ya sa na koma takarda kamar zamanin Innarmu.

Albishirinki, an sa ranar ɗiyarki. Dangin Ziyad sun zo ranar Juma'a, an tsayar da makon farko na Nuwamba, bayan an yanke riɗi hanya ta bushe. Mawada ta ɓuya a ɗaki, amma ina jin dariyarta ta bayan labule. Shekara goma sha biyu ke nan da kika ba ni ita don ta yi karatu a nan, kuma amare nawa na yi wa kwalliya a garin nan ban san adadi ba. Bana dai tawa zan yi wa.

Ga abin da nake so ki yi mini. In kin samu mai zama da Malam na yini ɗaya, ki tsallaka daga Rusairis zuwa kasuwar Damazin ki duba mana tob, laffayar da amarya za ta naɗa. Kada ki sayi ja mai ƙyalli irin na lokacinmu, 'yan matan bana sun bar shi. Abin da ake yayi wannan kakar shi ne ruwan zuma, da kore mai duhu irin na ganyen mangwaro. Ruwan zumar nake so, mai ɗan aiki siriri a bakinsa, kada aikin ya yi nauyi, don ba ta iya tafiya da kaya mai nauyi.

Angon ma ya zo neman shawarata. Wai kwat da wando matsattse zai sa, kamar yadda ya ga ana yi a hotunan birnin Madani. Na ce mutumin da ya yi shekara takwas a kan tarakta, in ya shiga kwat zai yi kama da wanda aka kama. Mun tsaya a kan farar jallabiya da rawani, da mayafin kafaɗa mai bakin ruwan zuma don ya dace da nata, da takalmin fata ja. Ya yi ta dariya, ya ce duk abin da Hala ta ce, wato ni, haka yaran nan ke kiran ƙanwar uwa.

Humra na haɗa tun makon jiya. Na soya farcen turare na daka, na sa sandal da mahlab da kanumfari, na toshe kwalbar, ba za a buɗe ba sai ta yi kwana arba'in. Dilka kullum da yamma, hayaƙin icen talha kuma sau biyu a mako. Yaya, in kin gan ta ba za ki gane ta ba. Ta yi haske, ta yi jiki, kumatu sun cika. Mata sai tambayata suke me nake ba ta.

Ki gai da Malam. Maigidana Hashim yana gaishe ku, kullum yana gona.

Ƙanwarki,
Zahra'u

Sinja
21 ga Satumba

Yaya Asibi,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, da mai jiki. Kafin ki karanta sauran, ki sani Mawada tana da rai, kuma yau ta sha kunu da hannunta. Daga asibitin Sinja nake rubuto miki. Kwananmu shida a nan.

Tun farkon watan nan na fara ganin abin da bai kwanta mini ba. Fuskarta ta yi faɗi kamar an hura, ƙafafunta kuma suna ramewa. Wata rana ina yi mata dilka sai na ga layi-layi jajaye a cikinta da cinyoyinta, kamar fatar za ta tsage. In na ɗan matsa sai ta ce zafi. Ƙishirwa kuma ba ta barinta, ta sha ruwa ta sake sha. Da na matsa mata da tambaya sai ta fito da ƙwayoyin ƙiba daga cikin akwatinta, irin waɗanda ake sayarwa a ƙulle cikin leda ba suna ba takarda. Biyu take sha kullum.

Hankalina ya tashi. Na kwashe su duka, da man da take shafawa, na zuba a masai. Na ce daga yau an gama. Na ɗauka na cece ta.

Kwana uku bayan haka ta fara amai. Rana ta huɗu da hantsi ta tashi za ta yi alwala, sai ta faɗi a bakin randa. Jikinta ya yi sanyi, idanunta a buɗe amma ba ta san ni ba. An kwana ana ruwa, babu motar da za ta iya shiga garinmu. Ziyad ya zo da tarakta, muka shimfiɗa katifa a tirela, na rungume kanta, Hashim ya riƙe mana leda don yayyafi. Tafiyar da ake yi cikin rabin awa zuwa Abu Hujar, awa uku ta ci mana. Sau biyu taya tana nutsewa a laka, mazan suna sauka suna tura. Daga can aka ce mu wuce Sinja.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, yarinya, ba ta wuce Mawada da shekara biyar ba. Ta tambaye ni me take sha, na faɗa. Ta tambaye ni yaushe ta daina, na ce ni na zubar. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce irin wannan magani in jiki ya saba da shi ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa, kuma yankewar ce ta kayar da ita. Ta ce da mun ƙara yini ɗaya a gida, da wata maganar ake yi.

Na san ba za ki iya barin Malam ba. Kada ki taso, hanyar ma ba ta biyuwa. Ki yi mana addu'a.

Taki,
Zahra'u

Hillar Sulaiman
6 ga Oktoba

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gai da Malam, Allah ya ba shi lafiya. Mun dawo gida tun ranar Talata. Tob ɗin da kika aiko ya iso, kuma daidai wanda nake nufi ne. Yana cikin akwati, ban nuna mata ba. Na ga ba ki haɗo da takarda ba, na kuma san dalili. Kina so ki san inda ɗiyarki ta samu ƙwayoyin nan alhali tana gidana, ba ta zuwa kasuwa ita kaɗai.

A wasiƙata ta baya ban yi miki ƙarya ba, amma na ɓoye rabin maganar. Ni na sayo mata.

Bayan Babbar Salla ne. Mun je suna gidan su Ziyad, sai yayarsa Sabah ta dubi Mawada a gaban mata ta ce da ni, cikin wasa, wai ina da aiki a gabana, don amaryar baƙa ce kuma kamar sillen kara. Aka yi dariya. Mawada ma ta yi. Da muka dawo gida ta zauna gaban madubi har aka kira magariba. Daga baya ta ce, "Hala, ke da kike gyara 'ya'yan mutane, ni ba za ki gyara ni ba?"

Abin da ya kamata in faɗa mata na san shi. Ziyad a haka ya gan ta tana ɗaukar ruwa a bakin kogi, a haka ya bi ta shekara biyu. Launinta launin Innarmu ne, wanda in ta shafa man riɗi kawai har ɗaukar ido yake. Amma ban faɗa ba. Maganar Sabah ni ta fi yi wa ciwo. Na ji kamar ni aka raina, da sana'ata. Na ƙudura a raina sai na fito da amaryar da garin nan bai taɓa gani ba.

Ranar kasuwa na je wani shago inda ake auna man bilicin da cokali. Na sayi kala uku, na haɗa da hannuna, na zuba a kwalbar man shafawata don kada Hashim ya tambaya. Mai shagon ya ce haske ba ya kyau sai da jiki, ya ba ni ƙwayoyin. Na ce ta sha rabi kullum na mako biyu kawai. Da ta ga mata sun fara yaba ta, sai ta riƙa aiken wata ƙawarta a ɓoye, ta kai biyu a rana. Wannan ban sani ba. Amma ƙofar ni na buɗe. Kuma lokacin da nake rubuto miki ina alfahari da kumatunta, ciwon ne nake yabo.

Yanzu ga halin da ake ciki. Tana shan maganin likita, ana rage shi kowane mako. Sukari ya hau mata, an ce mai yiwuwa ya sauka in an gama. Fuskar tana saɓewa, amma hasken ya tafi ya bar tabo baƙi-baƙi a kumatu da goshi, wuri ya fi wuri duhu. In rana ta taɓa ta sai ta ji kamar an watsa barkono. Layukan cikinta an ce za su dushe, amma ba za su tafi ba.

Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba ko sau ɗaya. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Jiya mata biyu sun zo in yi wa 'ya'yansu kwalliyar aure, na ba su haƙuri. Hannuna ba ya iya taɓa fuskar kowa yanzu.

Ba na cewa ki yafe mini yau. Na dai ga gara ki ji daga bakina.

Ƙanwarki mai laifi,
Zahra'u

Hillar Sulaiman
3 ga Nuwamba

Yaya Asibi,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, da jikin Malam. Saƙonki ya iso ta bakin Garba, cewa in ta iya tafiya in aiko miki da ɗiyarki. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Na karɓa, kuma ba ni da ta cewa. Takardar nan a hannunta za ta zo miki.

An ɗaga bikin, amma kada ki ɗauka dangin miji ne suka fasa. Ziyad kullum yana zuwa bayan la'asar, ya zauna a kan tabarma a waje, ita tana ciki, suna magana ta ƙofa. Ya ce a ɗaura a ranar da aka sa, ko ba taro ko ba kiɗa, shi matarsa yake so. Sabah ma ta zo da kanta, ta yi kuka, ta ce wasa take yi. Mawada ta gaishe ta da ladabi, ta sa aka kawo mata shayi.

Mawada ce ta ce a ɗaga. Ta gaya wa Ziyad tana son sa, ba ta canza ba, amma ba za ta shiga gidansa tana ɓoye masa fuska ba. Ta ce ya ba ta lokaci har ta iya duban kanta tukuna, in ya iya jira. Ya ce zai jira. Ni na yarda da shi, amma na ga rayuwa, ban san abin da shekara za ta kawo ba. Ba a sa wata rana ba.

Da na gaya mata saƙonki na ɗauka za ta ce ba ta zuwa. Sai ta ce tana son ta ga Babanta. Na taya ta haɗa kaya. Ban san yarinya tana tara abubuwa haka a shekara goma sha biyu ba, har littattafanta na firamare suna nan. Hashim ya fita gona tun da safe don kada ya ga ana ɗaure akwati. Kin san Allah bai ba mu haihuwa ba. Ban taɓa jin gidan nan babu yaro ba sai yau, tun ma ba ta tafi ba.

Ga abubuwan da ya kamata ki sani. Maganinta yana cikin jakar hannu, da takardar likita. Rabin ƙwaya da safe bayan ta ci abinci, har ƙarshen wata. Ko ta ce ta warke, ko wani ya ce a bari, kada a tsallake ko rana ɗaya. Shayinta ba sukari. Kada ta fita tsakar rana. In wata ta kawo miki mai ta ce yana goge tabo, ko wace ce ita, ki mayar mata da abinta.

Sai abu na ƙarshe, kuma shi ne roƙona. Za ta sauko daga mota da mayafi a fuska, idanu kawai za ki gani. Na san zuciyar uwa, za ki so ki ɗaga ki duba tun a tasha. Don Allah kada ki ɗaga. Ki rungume ta haka nan, ki kai ta gida, ki ba ta abinci, ki yi mata hirar duniya. Ni sai da ta yi kwana tara kafin ta buɗe a gabana, kuma abin da ta fara dubawa idona ne. In ranar ta zo ta buɗe miki, ki riƙe hawayenki har sai kin fita daga ɗakin.

Ki gai da Malam. In kin ga dama wata rana, ko layi ɗaya ne, ki sanar da ni yadda take.

Ƙanwarki har kullum,
Zahra'u