Mariƙin Jirgin Baba

Yaya Isa,

Ina gajiya, ina iyali, ya zaman Agadas? Mu nan Filingue sai godiya.

Mariƙin katakon da ka aiko wa Baba, don ɗora jiragen saman da yake haɗawa da karan gero, ya iso. Ashe na mai zaman kujera ne. Sai da kafinta ya rage ƙafafunsa ya daidaita da tabarma.

Mariƙin yana riƙe jirgi tsaf, amma hannun Baba rawa yake. Sau uku ƙayar soke fiffike tana kuɓuce masa. Ya ce, "Ɗauke shi, Hadiza."

Ku sa Baba a addu'a, ka gaida matarka Rakiya. Tun ran kasuwa jirgin na nan da fiffike ɗaya, Baba bai ƙara tambayarsa ba. Yaya, ka zo.

Ƙanwarka,
Hadiza