Askarka Ta Ranar Asabar

Baban Ishaya,

Gaisuwa mai yawa daga Bahuli. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana da rai ma, cewa za ka yi in karanta maka, wai tabarau ya ɓata. Amma maganar ta cika mini ciki, kuma kai ya kamata ka fara ji.

Mun cire gyaɗa, ba ta kai ta bara ba. Akuyarka mai taurin kai ta haifi biyu. Yayanka Bulus har yau yana bin gari yana cewa sammu aka yi maka saboda iyakar gona, shi ya sa cikinka ya kumbura, idonka ya koma ruwan ɗorawa. Ni da kai mun san ba haka ba ne.

Ka tuna ranar haihuwar Auta, da aka nemi jini a asibiti a Mubi, ka miƙa hannu aka ƙi karɓa? Suka ce akwai ƙwayar ciwon hanta a jininka, ka dawo a duba ka. Ka ce in rufe bakina kada a ji a coci a yi maka mummunan zato. Na rufe. Na riƙa dafa maka saiwar maganin ciwon shawara, ina cewa mai noma irin naka ina ya ga ciwo? Shekara tara ina wannan wauta, kuma abin yana ci na kullum.

Askar ce ban taɓa kawowa a raina ba. Kowace Asabar da yamma ka jera yaranmu uku da na Bulus a gindin mangwaro, ka fara da gemunka, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana yi musu aski da askar nan taka don su shiga coci fes. In ka yanki wani, ka goge jinin a wando, ka ce namiji ba ya kuka. Wa ke kawo ruwa da sabulu? Ni.

Bayan jana'iza na kai yara gwaji. Ma'aikaciyar ta ce ƙwayar ba ta bin abinci ko gaisuwa, jini take bi, kuma aska ɗaya na iya ɗaukarta daga wannan kai zuwa wancan. Markus da Auta lafiya lau, rigakafin jarirai ya tsare su. Ni ta shige ni ta fita ban sani ba. Ishaya yana da ita, Baban Ishaya. Ɗanmu na fari, wanda na haifa a gida ba a yi masa allurar ba. Ba wanda zai rantse cewa askar ce, amma ni ba zan sake gwadawa da kan yaro ba. Sun ce in ana duba shi duk wata shida, ya kuma nisanci burukutu, zai iya tsufa. Zan riƙa kai shi ko da a ƙafa ne.

Ranar Asabar dangi za su zauna. Bulus yana so a miƙa wa Ishaya askar ya ci gaba da yi wa ƙannensa aski, yadda babanku ya miƙa maka. Ba za su same ta ba. Jiya da safe na jefa ta a masai. Na yi kuka, don shatin yatsunka na nan a ƙotarta, amma na sake ta.

Zan tsaya gabansu in faɗi sunan ciwon da ya kashe ka, in ce Bulus ya kai nasa huɗun gwaji. Za su ce na tona asirin mamaci. Su faɗa. Kai ma in ka yi fushi, ka ajiye, in na zo sai mu yi ta.

Kan yara ya yi gashi. Ni zan yi musu aski, kowa da sabuwar rezarsa. Ban iya ba, za su shiga coci kai duk tudu da kwari, amma da ƙafarsu za su shiga.

Ka huta lafiya, Maigida.

Matarka da ta daina yin shiru,
Rifkatu