Matakin Ƙafar Da Na Sa Aka Sauke

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar rani, Doguwata mai rangaji kamar karan dawa,

Ina gaishe ki gaisuwar mai jin kunya. Ya jiki? Ya ƙafar? Yau kwana arba'in da ɗaya kina jinya a ɗakin Inna, ni kuwa ina nan daga ni sai keken ɗinkinki. Wayyo, ashe ƙararsa da nake yi wa mita ita ce ran gidan nan! Kullum ina zuwa duba ki, kullum sai in dawo ban faɗa miki abin da ke raina ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna ranar da muka je zaɓen babur? Ni idona na kan ƙaramin nan mara nauyi, mai saurin juyi. Kika hau baya don gwaji, gwiwarki ta kusa taɓa haɓarki, mai shago yana ta ƙunshe dariya. Kika ce in dai shi zan ɗauka, to in naɗe ki in sa a buhu. Muka ɗauki jan, mai dogon baya. Ranar na rantse a raina hanya ba za ta taɓa wahalar da ke a bayana ba.

Na kai wa mai kujera ya ƙara soso a mazauninki. Na sa bakanike ya sassauta shokozobar baya har ta yi laushi, don kada rami ya buga miki ƙugu. Na sa aka jawo hannun babur baya kaɗan, in zauna a miƙe ki samu majingina. Saura matakin ƙafa. Ke a kaikaice kike zama, ƙafa biyu gefe guda, ga gwiwa mai tsami saboda taka keke yini zubur. Sai na ce wa mai walda ya yi miki faffaɗan mataki, ya sauke shi ƙasa da yatsa huɗu.

Rabin raina, daga nan ne ba ki sani ba. Mutumin nan ajiye ƙarfensa ya yi, ya dube ni ya ce, "Maigida, ka sassauta baya, yanzu kuma ka sauke wannan? Da mutum biyu a kai, ranar da ka kwanta a kwana, ƙarfen nan zai ci kwalta." Ni kuwa, sarkin taurin kai, na ce, "Ni za ka koya wa babur? Shekara goma sha biyu ina kansa. Liƙa kawai, malam!" Ya liƙa. Kika hau kika miƙe ƙafa, kika ce ko matar sarki sai haka. Kaina ya yi girma har na manta da kashedinsa.

Babu yashi a kwanar bayan kasuwa da safen da muka faɗi, Doguwa. Wallahi babu. Ni na ƙirƙiro shi a asibiti da Yayanki ya tambaye ni. Da kunnena na ji ƙarfen ya kartsi kwalta, tayar baya ta tashi, babur ya kife, ƙafarki ta hagu tana ƙarƙashin matakin da na yi miki don jin daɗi. Washegari na kwance shi na tura ƙarƙashin gadonmu, na je na roƙi mai walda ya rufa mini asiri.

Wace irin azaba ce ta kai wannan? Likita ya ce idon sawun ba zai ƙara lanƙwasuwa ba, ke kuma kika share hawaye kika ce za ki koyi taka keke da dama kaɗai. Yaya ya fara zargina, kika tare shi kika ce mijinki gwani ne, yashi ba ya jin gwaninta. Kina wanke ni, ni kuwa ina zaune ina gyaɗa kai! Na tsani kaina a ranar, har yanzu ban daina ba.

Tauraruwata, ba zan ce ƙauna ce ta jawo ba. Ƙauna ta sa na sauke matakin, girman kai ne ya toshe mini kunne, tsoron rasa ki ya sa na yi ƙarya. Kin ce jibi in zo mu koma gida. Ina so, Allah ya sani, kamar yadda busasshiyar gona ke son hadari. Amma ba zan iya tallabo ki zuwa gadon da abin nan ke ƙarƙashinsa kina sa mini albarka ba.

Jibi zan zo in tsaya a ƙofar gida. In kin aiko in shigo, ni ne ƙafarki har ƙasa ta rufe idona. In ba ki aiko ba, zan dawo gata, da citta, ba kuma zan kalli wata ba.

Wasiƙar nan ta hannun Yaya za ta iso gare ki, ban kuwa liƙe bakin ambulan ɗin ba.

Naki ne ni, ko kin yafe ko ba ki yafe ba,
Mijinki.